Buhun Littattafan da Na Ba Mai Ƙosai

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku, a tsohuwar motar wani abokina wadda sai an yi mata bismilla an haɗa da turi take yarda ta tashi. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa. A baya kuwa ɗaya abokin namu ne, malamin jami'a mai farin tabarau, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka littafin da aka samo ta.

Ku masu bibiyar shafin nan kun daɗe kuna damuna da cewa in ba ku jerin littattafan da suka cancanci karatu, na tarihi, na labari, na kimiyya, na waƙa, kowane fanni dai. Ni kuma kullum sai in ce ku dakata. To ga dalili. Duk abin da na sani game da littafi a hannun mutum ɗaya na koya, Malam Sule, wanda ya koyar da ni a firamare a wani ƙauye gaba da Zakirai. Yanzu ya tsufa, idonsa ya tafi shekara uku ke nan. Makon jiya ɗansa ya kira ni ya ce ruwan farkon damina ya zubar da gefen soron da Malam ke ajiye littattafansa, kuma Malam ya ce in zo in kwashe kafin wani ruwan ya sauko. Bawan Allahn nan ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu, fanshonsa ko gishirin wata ba ya saye. Abin da ya tara a duniya shi ne littattafan nan. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, zan ceci kayan Malam kuma in samo muku jerin daga tushe.

A gidan mai na 'Yankaba muka fara jin jiki. Kuɗin da a da yake kai mu Zariya ya dawo da mu, shi muka zuba, allurar man motar ko motsin kirki ba ta yi ba. Mai motar ya daɗe yana kallonta kamar zai yi mata magana. Hanya kuwa fayau. Wanda ya san titin nan shekarun baya ya san yadda motoci ke cin ƙaniyar juna da sassafe, amma yanzu kekuna sun fi yawa, sai masu tafiya a ƙasa da fartanya a kafaɗa, sai akori-kura ɗaya da aka cusa wa mutane har kan rufi.

Daga Jogana zuwa gaba babu abin da ake kira daji. Gona na ƙarewa wata na farawa, iyakarsu ɗan layin lalle ko bini-da-zugu, ƙauye na kallon ƙauye. Gero ya kai idon sawu, ana ta noman firi. Takin zamani ya gagari talaka, don haka ko'ina sai tulin shara da aka kwaso daga birni a kan jakuna, an baza a gonaki, ledoji na leƙowa daga cikin kunya. Gawo ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba in damina ta faɗi. Malamin jami'a ya fara yi mana lacca a kan dalilin haka, mai motar ya ƙara ƙarar rediyo.

Mun karya a Gezawa wajen wani mai shayi. Gurasar da na sani mai cika tafin hannu biyu ta koma kamar faifan rufe kofi. Na tambaye shi ko ciwo ta yi. Ya ce, "Alhaji, ita ma ƙasar nan take zaune." Muka yi dariya muka ci bibbiyu. A gefenmu wasu dattawa na ta maganar farashin kwanon gero a Dawanau, kowa na rantsuwa bai taɓa jin irinsa ba tun da uwarsa ta haife shi, amma da wani almajirin tela ya zo wucewa da yunwa a fuskarsa sai ɗayansu ya tura masa rabin gurasarsa bai ko kalle shi ba. Irin wannan ke sa in kasa fushi da mutanenmu.

Bayan Zakirai muka sauka daga kwalta muka bi burji, daga burji muka bi hanyar shanu. Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Malam ba ya nan, wani maƙwabci ya ɗauke shi a babur zuwa ta'aziyya a ƙauyen gaba, sai bayan azahar za su dawo. Ɗansa ne ya tarbe mu, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, manomi da damina, da rani kuma yana dako a Dawanau. Daga can ya samo buhunan da za a zuba littattafan. Matarsa ta aiko mana da fura mai sanyin randa, muka sha muka shiga soron.

Wayyo. Ta gefen gabas kana hango sama ƙarara, azara biyu sun karye, ƙasa ta jiƙe. Littattafan addini tuni an mayar da su masallaci, sauran kuwa suna jibge a kan wani gadon kara da aka ja zuwa lungun da ruwa bai kai ba. Da ido na auna, za su cika buhu uku. But ɗin motarmu buhu biyu yake ɗauka, shi ma sai an zauna a kan murfin.

Nan fa na yi wauta, kuma zan faɗe ta yadda take. Na ce tunda dole a bar wasu, mu zaɓi masu lafiya. Malamin jami'a ya gyara tabarau ya ce haka ake yi a duk manyan ɗakunan karatu. Muka zauna muna tacewa. Mai bango mai sheƙi, shafuka farare tas, buhun tafiya. Wanda bangonsa ya fita, wanda aka yi wa riga da takardar buhun siminti, wanda aka ɗinke da zaren ɗinkin buhu, wanda ya sha maiƙo da jar ƙasa har gefensa ya yi laushi kamar tsumma, buhu na uku. Ko buɗe su ban tsaya yi ba. Kafin rana ta take mun gama, ina ta jin kaina kamar wani gwani.

Ɗan Malam ya dubi buhu na ukun ya ce, "Yaya, waɗannan fa?"

Na ce, "Waɗannan ai sun gama aikinsu."

Ya ce akwai Inna Ladi mai tuyar ƙosai, 'yar garin nan, tun da leda ta yi tsada take cigiyar takardar naɗi, kuma yau kasuwar garin gaba ke ci, can take tuya. Na ce to ai shi ke nan, a kai mata, ko ba komai an yi sadaka. Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya.

"Ba za a jira Baba ba?"

Ni da bakina na ce masa, "Haba, ai don na san littafi Malam ya ce a kira ni." Da yake ƙani ba ya musu da na gaba, sai ya ɗaure buhun a bayan kekensa ya tafi.

Bayan azahar sai ga Malam. Ya rame, gemun ya yi fari fat, amma muryar tana nan, wadda in ta ce "kai" daga ƙofar aji har na bayan taga sai ya nutsu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba kaina, ya sauko kafaɗata, ya kai ga tumbina ya ce, "A'a, ashe wahalar da ake faɗa ba ta shiga birni ba." Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido don daɗi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ce a kawo abin da muka zaɓa ya yi sallama da su.

Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Da taɓi kawai yake gane su. "Wannan wani jami'in ilimi ya kawo mana kyauta, ni kaina ban wuce shafi na biyar ba." Ya ajiye. "Wannan an ara sau ɗaya, washegari aka dawo da shi." Ya ajiye. Ya gama buhun farko, ya shiga na biyu, hannunsa na ƙara sauri. Da ya kai ƙasan buhun sai ya ɗago fuska wajen da yake jin numfashina.

"To ina na karatun?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai su ke nan. Sauran duk sun yage."

Ya ce, "Ɗana, wa ya yaga su? Ka taɓa ganin tabarmar da ake son zama a kanta ta tsufa da kyanta?"

Sai ya fara kiran su, kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa. Akwai na tarihin garuruwa da yaƙe-yaƙen da, mai rigar siminti, wanda dattawa suka kwashe rani guda suna musu a kansa a gindin ɗorawa har biyu suka daina gaisawa. Akwai na kiwon lafiyar mata da jarirai, duk ya sha kunu, ya fi shekara goma yana yawo ɗakunan matan aure, ungozomar garin ta ce ya fi mata wata asibitin. Akwai na noma da adana hatsi, wanda ake tafiya da shi gona a aljihu. Akwai na taurari da yadda ruwan sama ke haɗuwa, shi ne ya sa wani yaron garin ya nace sai da ya zama injiniya. Akwai ƙagaggen labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka yi shekaru suna rigima a kan kukar da ta tsiro a iyakar gonarsu, wanda ya ce sau uku ana ɗinke shi. Da wasan kwaikwayon da muka taɓa yi a aji shida, inda na fito a alƙali rawanina ya warware. Kowanne ya ambata sai in tuna hannuna yana jefa shi a buhu na uku.

Ɗansa ne ya gaya masa inda suke, da murya ƙasa-ƙasa. Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: "Yaushe Ladi ke ɗora kasko?" Aka ce da an yi la'asar. Muka dubi inuwa, ta riga ta miƙe.

Ranar ce motar ta ga damar nuna hali. Muka tura, ta yi tari ta mutu. Muka sake turawa har da masu dawowa daga gona, malamin jami'a ya yar da takalmi ɗaya a cikin taɓo bai tsaya ɗauka ba. Da ƙyar ta kama. Tafiyar da ba ta fi ta ɗan lokaci ba sai ta zame mini kamar zuwa Legas, ga shanu a hanya, ga masu kekuna ɗauke da kaji, ga kiran sallar la'asar muna ji daga nesa.

Kasuwar ƙauye ce sosai, rumfunan kara, awaki, masu daddawa da kuka, masu auna hatsi da ɗan gwangwani saboda kwano ya fi ƙarfin mai saye. Ƙamshin man gyaɗa ne ya kai mu wajen Inna Ladi. Dattijuwa ce kakkaura, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, layi a gabanta, buhunmu jingine a bayanta. Hannun dama na juya ƙosai da tsinke, na hagu na fizgar takarda. A gabana ta fizgi ɗaya.

Na ce, "Inna, don girman Allah tsaya!"

Ta ce, "Kai ɗan nan, bi layi."

Da na yi mata bayani ta saki tsinken. Buhun yana nan cike, littafi ɗaya kawai ta ciro, mafi ƙanƙanta, don shafinsa daidai ƙosan mutum ɗaya ne. Ba ta duba ba, idonta na kan mai. Abin da ya rage a hannunta zare ne da ganye biyu. Ta nisanta su daga fuskarta ta ƙura ido, leɓenta na motsi, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Na waƙoƙin ne. Da shi Malam ya koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ni Ladi, da hannuna?"

Abin da ya biyo baya, da wani ya ɗauka a waya da yanzu mun yi suna. Ƙarti uku 'yan birni, ɗaya da takalmi ɗaya, muna bin kasuwa a sunkuye muna tsintar takardun ƙosai. Muna tare mutane muna cewa bawan Allah ci ƙosanka ka ba mu takardar. Wani ya ɗauka sabon salon damfara ne ya cusa tasa a aljihu ya ƙara sauri. Mai motar ya yi kokawa da wata akuya a kan shafi guda, akuyar ta yi nasara. Duk wahalarmu ganye biyar muka samu, sun jiƙe da mai har ana ganin rubutun baya ta gaba. Sauran sun bi masu su ƙauyuka.

Inna Ladi ta sauke kaskonta da sauran ƙullu a roba, a wannan zamanin da wake ya zama abin da ya zama, ta ce ba za ta bari wani ya kai wa Malam labarin nan ba sai ita. Muka sa ta a gaba, buhun a cinyar malamin jami'a.

Malam na nan inda muka bar shi. Aka zazzage masa buhun a tabarma. Ya riƙa shafa su yana murmushi, wannan na tarihi, wannan na ungozoma, ga 'yan rigimar kuka. Ya kai ƙarshe, ya sake bi daga farko, ya laluba gefen tabarmar.

"Ina ƙaramin?"

Inna Ladi ce ta matso. Ta durƙusa ta sa masa ganye bakwai ɗin a tafin hannu. Ya shinshina su. Sannan ya gaya mana cewa wani amininsa ne ya rubuta waƙoƙin, malamin makaranta kamarsa, tare suka fara aiki. Da kuɗin aljihunsa ya buga 'yan kwafi kaɗan a wata ƙaramar maɗaba'a, ya rasu da daɗewa, kuma a iya sanin Malam wannan ne kwafin da ya rage. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na ce, "Malam, ni ne. Ba ita ba ce, ba ɗanka ba ne, ni ne." Ya ce, "Na sani. Tun kana aji uku kake amsa tambaya kafin a gama yin ta." Ya ɗan yi dariya, ya goge ido da hannun riga, ya ƙara da cewa, "Allah dai ya sa masu ƙosan sun karanta kafin su yar."

Inna Ladi ce ta ce ai ita tana da wasu waƙoƙin a ka. Ta gyara zama ta ɗauko ta damina, da muryar da take rera ta tun tana amarya. Inda ta tsaya Malam ya ɗora. Inda suka saɓa suka yi ta gardama, ita tana cewa Malam ka manta, shi yana cewa Ladi da can ma a nan kike tuntuɓe. Malamin jami'a ya ciro littafin rubutunsa ya miƙo mini, na durƙusa ina rubutawa. Ta jaki, ta mai haƙar rijiya, ta uwar da ɗanta ya tafi ci-rani. Maƙwabta suka taru a ƙofar zaure, wani tsoho ya kawo baiti biyu da duk suka manta. Kafin magariba mun haɗa kusan rabin littafin. Sauran rabin babu wanda ya iya tunawa, har Malam.

Hukuncin da ya yanke kafin mu tashi shi ne yagaggun ba za su je birni ba, masu karanta su suna nan. Ɗakin Inna Ladi rufin kwano ne, kuma tana da akwatin ƙarfe na aurenta, can za su zauna, mai so ya je ya ara. Wani daga ƙofa ya ce an ba kura ajiyar nama. Ta ce in ta ƙara yagar ko kalanda Allah ya ƙona mata mai. Masu sheƙin kuwa Malam ya ce in tafi da su. "Kai ka zaɓe su, kai za ka karanta su." Labarin 'yan rigimar kuka kaɗai ya ba ni aro, da sharaɗin in dawo da shi da kaina kafin a yanke gero.

Muna wuce Gezawa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na san duk mu ukun soron nan muke tunani, da gadon karan da yanzu babu komai a kansa. Sai bayan isha muka shigo gari.

To ga jerin da kuka daɗe kuna nema, kuma ba ni da wanda ya fi shi. Ku karanta tarihi, ku karanta na lafiya da na noma ko da ba ku da gona, ku karanta na taurari, ku karanta labari da wasan kwaikwayo da waƙa. Amma in za ku tambayi mutum littafi, kar ku ce ya nuna muku na cikin kabad. Ku ce ya ba ku wanda ya fi shan aro a gidan, wanda aka ɗinke, wanda yake jin nauyin miƙo muku saboda datti. Kuma in dattijo ya aike ku kan kayansa, ku jira shi ya dawo.

Malam ya gaya mini sunan ƙaramin littafin da na amininsa. Kwana uku ina zaga masu tsofaffin littattafai a cikin gari, babu wanda ya taɓa jin su. Saboda haka ina roƙo. In kai ko wani naka ya ci kasuwa a wani ƙauye gaba da Zakirai ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ya sayi ƙosai wajen wata dattijuwa da la'asar, don Allah a duba aljihun rigar kafin a wanke ta.